GINI A HANYAR RUWA: Wa Ke da Ikon Hanawa a Ƙasar Bakolori?

A kowace shekara, kafin damina ta kankama, hukumar Gwamnatin Tarayya mai lura da cikar koguna takan fitar da jerin ƙananan hukumomin da ake tsoron ambaliya za ta shafa, Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa kuma ta biyo baya da gargaɗi a gidajen rediyo cewa mazauna bakin kogi su koma kan tudu. In watan Agusta ya tsaya, ruwa ya yi abin da ya saba, sai a ga manyan motoci ɗauke da buhunan hatsi da tabarmi da kwanon rufi sun nufi garuruwan da abin ya faɗa wa. Da rani ya shigo kuma sai a sake aza tubali daidai inda na bara ya narke.

Wannan al'amari ya shafi ƙasar Dakko, ɗaya daga cikin gundumomin Ƙaramar Hukumar Bakura, da sauran garuruwan Talata Mafara da Maradun a Jihar Zamfara, watau ƙananan hukumomi uku da suka haɗu a kan Gulbin Sakkwato da aikin noman rani na Bakolori. Ƙidayar 2006 ta nuna akwai mutum wajen 215,000 a Talata Mafara, da wajen 211,000 a Maradun, da wajen 187,000 a Bakura, jimilla sama da 600,000 ke nan, kuma tun daga lokacin jama'a ƙaruwa take yi. Duk wanda ya yi aure yana bukatar ɗaki, filin da ya fi araha kuwa shi ne na kwari. Saboda haka tambayar da ya kamata ma'aikata da ɗalibai su san amsarta ita ce: idan mutum ya ɗauki diga zai haƙa harsashi a inda ruwa ke bi, wa doka ta ba ikon ya ce masa ya dakata, kuma me ya sa ba a cika jin wannan murya ba?

TUDU DA FADAMA

Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajejen Funtuwa a Jihar Katsina, ya ratsa Gusau, ya gangaro ta ƙasar Maradun da Mafara da Bakura, sa'an nan ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato, ruwan ya wuce Argungu har ya faɗa Kwara. Kusan duk ruwan da yake ɗauka a shekara yana zuwa ne tsakanin watan Yuni da Satumba. Da rani yakan koma yashi da 'yan tafkuna, da damina kuwa ya tumbatsa ya bazu a kan fadama.

Mutanen dā sun san haka, kuma a kan wannan sani suka tsara zamansu. Gari yana kan tudu, tare da rumbuna da maƙabarta da gonakin gero da dawa. Fadama kuwa wurin shinkafa ce da damina, bayan ruwa ya janye a shuka albasa da dankali da alkama da sauran kayan lambu, masunta su yi su a tafkunan da ya bari, makiyaya su sami ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani. Ambaliya a wancan tsari taki take kawowa, domin laka da ruwa ke shimfiɗawa ita ce ke sabunta ƙarfin ƙasa. Wanda ya nemi filin gida wurin mai unguwa yake zuwa, a kai maganar ga dagaci, shi kuwa ya san iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa a zamanin kakansa.

Har wa yau shari'ar Musulunci ta tanadi abin da ake kira hurumi, watau filin da ake bari kewaye da gari ko rijiya ko kogi don amfanin kowa, wanda ba a yarda wani ya killace shi ya mai da shi nasa ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin hukunce-hukuncen raya ƙasa da hurumi a littafinsa Ta'alimur Radi. Ashe ke nan hana gini a bakin ruwa ba baƙon abu ne da Turawa suka kawo ba, tsohuwar ƙa'ida ce a ƙasar Hausa.

ZUWAN MADATSAR RUWA

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton binciken da ta yi a kan kwarin Sakkwato da Rima. Ta ba da shawarar a datse ruwa a Bakolori, amma a bi aikin sannu a hankali ba tare da rushe tsarin noman da aka tarar ba. Zamanin kuɗin man fetur ya zo da wani tunani dabam. Aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kwangilar babban aiki, aka fara ginin madatsar a 1974, aka gama a 1978.

Madatsar tana da tsawon kilomita biyar da rabi, tsakiyarta ta kankare ce mai tsayin mita 48, tafkin da ta tara kuwa ya rufe wajen hekta 8,000 kuma an ƙiyasta zai ɗauki kubik mita miliyan 450 na ruwa. Manufar ita ce a shayar da hekta 23,000, daga ciki 15,000 ta hanyar injin feshi, 8,000 kuma ta hanyar magudanai.

Aikin ya taɓa jama'a ta fuska uku. Waɗanda tafki ya ci garuruwansu, dubban mutane, an mai da su sababbin matsugunai irin su Sabuwar Maradun, a kan tudun da bai kai fadamar da suka baro albarka ba. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin aikin sun yi shekaru ba su noma ba ana baje ƙasa ana haƙa magudanai, ga kuma rikicin diyya. Waɗanda ke ƙasa da madatsar kuwa sun wayi gari ruwan da ke cika musu fadama ya ragu. Wani masani ɗan Ingila, William Adams, ya bi garuruwan nan a farkon shekarun 1980, ya nuna yadda noman shinkafa da na rani da kamun kifi suka ja baya, manoma da yawa suka koma shuka gero da dawa a inda dā shinkafa ke tsayawa cikin ruwa.

Ƙorafin diyya ya kai manoma suka tare hanyoyin aikin, har ran 28 ga Afrilu, 1980, a zamanin Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sanda suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Hukuma ta ce waɗanda suka rasu ashirin da 'yan kai ne, wasu masu bincike kuwa suka ce sun haura 380. Duk jami'in da zai je ƙasar nan da maganar tashin mutane daga filinsu, wajibi ne ya tafi da sanin cewa akwai dattawan da suka ga wannan rana da idonsu.

YADDA MADATSA KE RUƊIN MUTANE

Akwai wani haɗari da madatsar ruwa ke haifarwa wanda ba a cika lura da shi ba. Tana tare ƙaramar ambaliya da matsakaiciya, irin waɗanda dā suke zuwa kusan kowace damina suna tuna wa mutane iyakar ruwa. In aka yi shekara goma ko sha biyar ruwa bai taka wani fili ba, sai yaran da suka taso su ɗauka tudu ne. Gonar shinkafa ta zama gonar dawa, gonar dawa ta zama fuloti, a kafa shago, a kafa makaranta. Amma babbar ambaliya ba ta da mai tare ta. Idan tafki ya cika a ƙarshen Agusta kuma sama ba ta ɗauke ba, tilas ruwa ya wuce ta mafitar da aka tanadar masa, in ba haka ba ganuwar kanta ta shiga haɗari. A ranar nan ruwa tsohuwar hanyarsa yake bi, ya tarar da gidaje a inda dā shinkafa kaɗai ya sani.

Daɗin daɗawa, kowace damina gulbi yana zubar da yashi da laka a cikin tafki, saboda haka wurin ajiyar ruwa raguwa yake yi shekara bayan shekara. A cikin filin aikin kuma, in magudanan fitar da ruwa suka cike da laka da kacala, ruwan sama kaɗai ya isa ya kwanta a gonaki da bakin gari ko da gulbi bai ɓalle ba.

Abin da ya faru a maƙwabta ya isa misali. Ran 30 ga Satumba, 2006, madatsar Gusau, wadda ke kan wannan gulbi sama da Bakolori, ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, rahotannin lokacin suka ce mutum wajen 40 sun rasu, gidaje wajen 500 sun rushe. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo a kan Gulbin Rima, ya share garuruwa da gonaki, ya karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta yi mummunar ɓarna a Gummi, a watan Satumba na shekarar kuma madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, shekara talatin bayan irin haka ta faru a 1994. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ayyana wuraren da za a kira birni, kuma shi ke ba da takardar mallaka a cikinsu. A wajen birni kuwa ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da izinin zama na gargajiya, don noma ko gida ko wata bukata, muddin filin bai wuce hekta 500 na noma ko hekta 5,000 na kiwo ba. Dokar ta ce a kafa kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Watau ke nan filin gida a ƙauye irin na gundumar Dakko yana ƙarƙashin ikon Ƙaramar Hukumar Bakura ne, kuma wanda ke da ikon bayarwa yana da ikon hanawa.

A 1992 aka kafa Dokar Tsara Birane da Yankuna mai lamba 88, wadda ta maye gurbin ta Turawa ta 1946. Ta tanadi hukumomin tsari a hawa uku, na Tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, ta kuma ce kada a yi gini sai da izini. A shekarar nan dai aka kafa doka mai lamba 86, wadda ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. A 2003, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara garuruwa da ba da izinin gini hakkin jihohi ne. Tun daga nan nauyin wannan aiki a Zamfara ya rataya a wuyan gwamnatin jiha da ƙananan hukumominta. Tsarin Mulki na 1999 shi ma ya lissafa gina magudanan ruwa da kula da su da kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma.

Ruwan kansa kuwa na wani ne dabam. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta ba Gwamnatin Tarayya iko a kan duk kogin da ya shafi jiha fiye da ɗaya, Gulbin Sakkwato kuwa ya ratsa Katsina da Zamfara da Sakkwato da Kabi. Madatsar Bakolori da magudananta suna hannun Hukumar Raya Koguna, wadda hedkwatarta ke Sakkwato.

INDA GIZO KE SAƘA

Mai karatu zai lura cewa ruwa yana hannun Tarayya, tsarin gini yana hannun jiha, rabon filin ƙauye yana hannun ƙaramar hukuma, sanin iyakokin gonaki da tarihin ambaliya kuwa yana wurin sarakuna da dagatai, waɗanda dokar 1978 ba ta ba su ikon rabon ƙasa ba. Injiniyan da ya san yawan ruwan da zai sauko ba shi ke sa hannu a takardar fili ba, mai sa hannun kuma sau da yawa ba shi da taswirar da za ta nuna masa inda ruwa ke kaiwa.

Abu na biyu shi ne yawancin cinikin filaye a karkara ba ya bi ta ofis. Mai gona ya yanka gonarsa, mai saye ya biya, a rubuta 'yar takarda a gaban shaidu, magini ya fara aiki. Kafin wani jami'i ya ji labari an riga an yi rufi an tare. A cikin garuruwa kuma akwai matsalar kududdufai. Ramukan nan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu su ne ke shanye ruwan unguwa in an yi mamako. Idan aka cike kududdufi da shara aka sayar da shi fuloti, ruwan da yake ɗauka bai fasa zuwa ba, sai dai ya shiga gidajen maƙwabta. Ginin ƙasa kuwa ba ya bukatar igiyar ruwa kafin ya faɗi, in ruwa ya kwana biyu ko uku a gindin bango ya isa.

Abu na uku shi ne rashin tsaro. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi Zamfara sun koro mutanen ƙauyuka da yawa zuwa manyan garuruwa. Wanda ya baro gidansa da dare ba shi da zaɓin tudu ko kwari, inda ya sami wurin kafa bukka nan ne gida. Dokar da za ta ce masa ya tashi ba tare da nuna masa inda zai koma ba, zalunci za ta ƙara a kan wanda aka riga aka yi masa.

Na huɗu shi ne diyya. Dokar 1978 ta tanadi biyan diyya a kan abin da mutum ya gina ko ya shuka, ba a kan ƙasar kanta ba. Manomin da aka ce filinsa ya shiga hurumin ruwa yana ganin an rage masa darajar gadonsa ba a ba shi ko sisi ba, ga kuma abin da ya ji daga bakin iyayensa game da 1980.

YADDA WASU SUKA YI

A Amurka, tun daga dokar inshorar ambaliya ta 1968, garin da ke son mutanensa su sami inshorar gwamnati sai ya kafa dokar gini a wuraren da ruwa ke ci. Ma'aunin da suke amfani da shi shi ne ambaliyar da ke da yiwuwar zuwa kashi ɗaya cikin ɗari a kowace shekara. Abin kamar kaɗan ne, amma lissafi ya nuna gidan da ya shekara 30 a irin wannan wuri yana da yiwuwar kashi 26 cikin ɗari ruwan ya same shi, watau gida ɗaya cikin huɗu ke nan. A ƙasar Holan kuwa, bayan cikar kogunan 1993 da 1995, hukuma ta ga ƙara wa ganuwa tsayi kaɗai ba zai wadatar ba, sai ta ja wasu ganuwoyi baya ta mayar wa koguna filin da za su bazu. Abin lura shi ne wannan filin da suka kashe maƙudan kuɗi suka sake buɗewa, shi ne fadamar da har yanzu ake da ita a ƙasar Bakura da Mafara.

ABIN DA ZA A IYA YI

Mataki na farko shi ne a san iyakar ruwa a kuma sa mata alama. Wannan aiki bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Ma'aikatan safiyo na jiha da injiniyoyin Hukumar Raya Koguna su zagaya tare da dagatai da dattawa da sarakunan ruwa, a nuna inda ruwa ya tsaya a manyan shekarun ambaliya, a gwada da hotunan tauraron ɗan'adam, sa'an nan a kafa ginshiƙan siminti masu fenti waɗanda ko wanda bai yi karatu ba zai gane.

Na biyu, a raba ƙasar kashi uku a cikin dokar ƙaramar hukuma. Hanyar ruwa da bakin magudanai da kududdufai a bar su ga noma da kiwo da su, kada a kwana a cikinsu. Gefen fadama a yarda da gini bisa sharaɗin a ɗaga daɓe sama da iyakar ruwa, a kuma yi harsashi da dutse ko bulo da siminti. Makaranta da asibiti da rumbun gwamnati da rijiyar burtsatse kuwa a kai su tudu, domin can jama'a za su fake ranar da ruwa ya zo, kuma inda gwamnati ta kafa makaranta nan gidaje ke bi.

Na uku, hani ya zo tare da madadi. A yanka fulotai a kan tudu, a kai musu hanya da ruwan sha, a ba mazauna kwari fifiko, a kuma tabbatar musu a rubuce cewa gonakinsu na fadama suna nan a hannunsu. Darasin Sabuwar Maradun shi ne mutum ba ya zama inda ba zai ci abinci ba. A fara da hana sabon gini, a bar maganar rushe tsoho sai inda rai ke cikin haɗari a fili.

Na huɗu, a mai da sarakuna cikin aikin. Fadar Sarkin Mafara da ta Sarkin Burmin Bakura da ta Sarkin Kayan Maradun suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni a kowane lungu. In aka ƙa'ide cewa ba mai unguwar da zai shaida cinikin filin gida a cikin alamar ruwa, an toshe babbar ƙofar da ɓarna ke shigowa.

Na biyar, a yi rubutacciyar yarjejeniya tsakanin masu kula da madatsar da ƙananan hukumomin uku a kan yadda za a sanar da garuruwa in ruwa zai sauko: wa za a buga wa waya, awa nawa kafin lokaci, wane tudu kowace unguwa za ta nufa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 don gyaran manyan ayyukan noman rani na Arewa, Bakolori na cikinsu, tare da ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa. Waɗannan ƙungiyoyi suna iya zama hanyar isar da gargaɗi da kuma yashe magudanai kafin damina.

Dā ƙananan hukumomi sukan kafa hujja da rashin kuɗi. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan su kasonsu daga asusun Tarayya kai tsaye. Kuɗin ginshiƙai da fenti da alawus ɗin 'yan safiyo bai kai na kwanon rufi da hatsin da ake rabawa bayan ambaliya ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka lokacin wannan aiki shi ne rani, daga watan Nuwamba zuwa Mayu, sa'ad da gulbi ya janye, alamar ruwa tana nan a jikin itatuwa da bangaye, magina kuma ba su gama aza harsashin gidajen da damina mai zuwa za ta tarar ba.